Duwatsun Angkor da Tarihin Mutanen Khmer: Abin da Gajeriyar Ziyara Ke Nunawa da Abin da Take Bari a Baya

1.0 Gabatarwa

A arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, dab da garin Siem Reap, akwai wani fili mai faɗin murabba'in kilomita 400 wanda yake cike da manyan gine-ginen dutse. Wannan wuri shi ake kira Angkor, kuma a nan ne babban birnin daular Khmer ya zauna tun daga ƙarshen ƙarni na 9 har zuwa ƙarni na 15. A shekarar 2018 kaɗai, baƙi fiye da miliyan biyu da rabi daga ƙasashen waje suka yanki tikitin shiga wurin. Da yawa daga cikinsu ƙungiya-ƙungiya suke zuwa, ja-gora na gaba suna biye, su yi kwana ɗaya ko kwana uku suna zagayawa, sa'an nan su koma gida da labarin wani birni da ya ɓace a cikin kurmi har wani Bature ya gano shi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun irin wannan gajeriyar ziyara da idon mai nazarin tarihi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a Angkor gani kaɗai yana iya ɓatar da mutum, domin abin da ya tsira shi ne dutse, dutse kuwa na sarakuna ne da abubuwan bautarsu. Za a fara da bayanin ƙasar, sa'an nan gine-ginen da ake nuna wa baƙo bisa jerin shekarunsu, daga nan a juya ga birnin da ido ba ya gani, da dalilan raguwarsa, da kuma asalin labarin ɓacewarsa.

2.0 Ƙasar da Ruwanta

Angkor tana shimfiɗe ne tsakanin tsaunukan Kulen daga arewa da tafkin Tonle Sap daga kudu. Shekara a wannan yanki kashi biyu ce: damina mai ƙarfi daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, da rani mai tsawo. Idan damina ta kankama kogin Mekong ya tumbatsa, sai kogin da ya haɗa shi da Tonle Sap ya juya da baya yana zuba ruwa cikin tafkin, har faɗinsa ya ninka sau huɗu ko fiye. Idan ruwan ya janye sai ya bar ɗimbin kifi da ƙasa mai dausayi wadda shinkafa ke so. Saboda haka babbar matsalar mazauna wurin ita ce yadda za su kare kansu daga ruwa wata shida, su kuma tsare shi sauran wata shidan. Duk wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai fahimci tsarin birnin ba.

3.0 Abin da Ake Nuna wa Baƙo

Bisa al'ada ja-gora kan fara da Angkor Wat da asuba, domin baƙi su ga fitowar rana ta bayan hasumiyoyinsa. Wannan yana da daɗin kallo, sai dai yana dagula jerin tarihi, domin an riga an shafe shekara fiye da 300 ana gini kafin a ɗora harsashin Angkor Wat. Don haka mu za mu bi su daki-daki.

3.1 Tushen Daula

Masana sun saba ƙidaya farkon daular daga shekarar 802, lokacin da Jayavarman II ya yi wani biki a kan tsaunin Kulen inda aka naɗa shi sarkin sarakuna. Ya kamata a lura cewa labarin wannan biki ya zo mana ne daga rubutun dutsen Sdok Kak Thom, wanda aka sassaƙa a tsakiyar ƙarni na 11, watau bayan shekara 250, kuma wani gidan malaman fada ne ya sa aka rubuta shi don tabbatar da gadonsa. Hujja ce mai daraja, amma ta masu neman kare matsayinsu ce.

Gine-gine mafi tsufa da baƙo kan gani suna Roluos, kudu maso gabas da Siem Reap. A nan Indravarman I ya gina Preah Ko a 879 don tunawa da kakanninsa, da Bakong a 881, wanda gini ne mai hawa-hawa kamar tsauni, ya kuma gina wani katafaren tafki. Wannan tsari na abubuwa uku, watau tafki, da ɗakin bauta na kakanni, da ɗakin bauta mai siffar tsauni, shi ne manyan sarakunan baya suka riƙa maimaitawa. Ɗansa Yasovarman I, wanda ya hau gado a 889, shi ya matsar da fada zuwa Angkor kanta, ya gina Phnom Bakheng a kan tudu, ya kuma yi Tafkin Gabas mai tsawon kilomita bakwai da rabi. A ƙarni na 11 aka ƙara Tafkin Yamma, mai tsawon kilomita 8 da faɗin kilomita 2, wanda har yau akwai ruwa a cikinsa.

Banteay Srei, wanda aka keɓe a 967, ƙaramin gini ne na jan dutse mai sassaƙa ƙanana-ƙanana, kuma wani malamin fada mai suna Yajnavaraha ne ya gina shi. Wannan ya nuna cewa ban da sarki akwai manyan gidaje masu filaye da bayi waɗanda ke da ƙarfin yin nasu ginin.

3.2 Angkor Wat

Suryavarman II ya hau gado a 1113, ya yi mulki har wajen 1150, kuma a zamaninsa aka gina Angkor Wat domin bautar Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bauta na addinin Hindu. Gwalalon da ya kewaye shi yana da faɗin mita 190, tsawon harabar duka kilomita ɗaya da rabi, hasumiyar tsakiya kuma ta kai mita 65. An yi cikin ginin da marmara, aka lulluɓe shi da dutsen yashi wanda aka ɗauko daga gindin tsaunukan Kulen, tafiyar wajen kilomita 40. Tsarinsa hoton duniya ne kamar yadda Hindu suka ɗauke ta: hasumiyoyi biyar su ne kawunan tsaunin Meru, mazaunin abubuwan bautarsu, gwalalon kuma shi ne tekun da ya kewaye duniya. Ginin yana fuskantar yamma, saɓanin galibin sauran da ke fuskantar gabas, abin da ya sa wasu masana suka danganta shi da makwancin sarki, wasu kuma suka ce yamma ita ce nahiyar Vishnu.

Ga mai nazarin tarihi, sassaƙar da ke bangon kudu ita ce mafi muhimmanci, domin a nan aka zana shi kansa Suryavarman yana zaune a ƙarƙashin laimomi, hakimansa a kan giwaye, da ƙananan rubuce-rubuce masu faɗin sunayensu.

3.3 Zamanin Jayavarman VII

Bisa lissafin da aka saba, mutanen Champa, waɗanda ƙasarsu ke tsakiyar Biyetnam ta yau, sun auka wa Angkor a 1177. Jayavarman VII ne ya kore su, aka naɗa shi a 1181. Shi mabiyin addinin Buddha ne, kuma babu sarkin Khmer da ya kai shi yawan gini. Ya kewaye fadarsa da ganuwa mai tsayin mita 8, kowace kusurwa kilomita 3, da ƙofofi biyar. Wannan shi ne Angkor Thom. A tsakiyarsa ya gina Bayon, mai hasumiyoyi ɗauke da manyan fuskoki wajen 200 masu duban nahiyoyi huɗu. Ya gina Ta Prohm a 1186 don tunawa da mahaifiyarsa, da Preah Khan a 1191 don mahaifinsa. Rubuce-rubucen zamaninsa sun ambaci gidajen magani 102 da masaukai 121 a kan hanyoyin daular.

Rubutun dutsen Ta Prohm ya ce mutum 12,640 ke zaune a harabarsa, ƙauyuka 3,140 masu mutum 79,365 kuma su ke ɗauke da hidimarsa. Baƙon da ke ɗaukar hoton saiwoyin itatuwa da suka naɗe bangon wurin da wuya a gaya masa wannan lissafi, alhali shi ne ke nuna ainihin matsayin irin wannan gini. Ɗakin bauta a Angkor ma'aikata ce mai tara shinkafa da tufafi da ƙwadago, kuma ta hanyarsa sarauta ke kaiwa ga talakawa a daular da ba ta buga kuɗi ba.

4.0 Birnin da Ido Ba Ya Gani

Kalmar Angkor ta samo asali ne daga kalmar Sanskrit "nagara", ma'anarta birni. To, ina birnin yake? Amsa ita ce da katako da ciyawa aka gina shi. Hatta fadar sarki ta katako ce, dutse da jan bulo kuwa an keɓe su ga abubuwan bauta da ganuwa da gadoji. Zafi da laima da gara sun cinye gidajen, sun bar ɗakunan bauta tsaye. Akwai hanyoyi huɗu da masana ke bi don maido da wannan birni.

Ta farko ita ce rubuce-rubucen kan duwatsu, waɗanda aka tattara fiye da 1,000. Na harshen Sanskrit waƙoƙin yabon sarakuna ne da abubuwan bauta. Na tsohon harshen Khmer kuwa zube ne, suna lissafa gonaki da iyakokinsu, da shanu, da sunayen bayi maza da mata, har da shari'o'in filaye. A cikin waɗannan na biyun ne ake jin motsin talaka.

Ta biyu ita ce sassaƙar bangon waje na Bayon. A ƙarƙashin hotunan yaƙin jiragen ruwa da mutanen Champa, masassaƙa sun zana kasuwa, da masu dafa abinci, da masunta, da masu caca a kan faɗan zakaru, da mace a kan gwiwa.

Ta uku ita ce shaidar Zhou Daguan, wani ɗan ƙasar Sin da ya zo cikin tawagar jakadanci a 1296 ya zauna har 1297. Littafinsa shi kaɗai ne cikakken bayanin wanda ya ga Angkor da idonsa tana raye. Ya bayyana cewa mata ne ke riƙe da ciniki a kasuwa, talakawa na rufin ciyawa, manya na rufin kasko, masu hali na da bayi da yawa, kuma ana iya girbe shinkafa sau uku ko huɗu a shekara. Ya kuma ga sufaye masu aske kai da rawayen mayafi, alamar cewa tafarkin Theravada na addinin Buddha, wanda mafi yawan mutanen Kambodiya ke bi a yau, ya riga ya yi ƙarfi.

Ta huɗu ita ce binciken ƙasa daga sama. A 2007 aka buga taswirar da ta nuna cewa gidaje da gonaki da magudanan ruwa na Angkor sun mamaye wajen murabba'in kilomita 1,000. A 2012 aka yi amfani da na'urar lidar, wadda ke harba haske daga jirgi mai saukar ungulu ta auna tudu da kwarin ƙasa ta tsakanin ganyen itatuwa. Sai ga tituna a jere, da tuddan da aka kafa gidaje a kai, da ƙananan kududdufai, har a cikin harabar Angkor Wat. Wani ƙiyasi da aka buga a 2021 ya sa yawan mutanen yankin tsakanin 700,000 da 900,000 a ƙarni na 13. Watau dajin da motar baƙi ke ratsawa daga wannan gini zuwa wancan, unguwanni ne a da.

Game da manyan tafkuna, akwai saɓani. Bernard-Philippe Groslier, masanin Faransa, ya yi bayani a 1979 cewa Angkor birni ne da ya dogara ga ban-ruwa, tafkunan kuma su ne rumbunsa. Wasu suka musa, suka ce ruwan bai isa ya shayar da gonaki masu yawa ba, aikinsa na addini ne. Binciken baya ya gano mashigai da mafitai da magudanai da suka haɗa tafkunan da gonaki, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa suna tare ambaliya da damina, suna kuma zama madogara a shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, ba tare da an kore ma'anarsu ta addini ba.

5.0 Raguwar Birnin

Ja-gora kan taƙaita wannan babi da shekara guda, 1431, lokacin da aka ce rundunar Ayutthaya ta ƙasar Siyam, watau Tailan ta yau, ta ci Angkor. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma birni irin wannan ba ya mutuwa rana ɗaya. Alamun canji sun bayyana tun kafin nan. Ginin dutse na ƙarshe da aka san shekararsa, Mangalartha, na 1295 ne, rubutun Sanskrit kuma ya ƙafe a farkon ƙarni na 14. Tafarkin Theravada ya fi karkata ga ɗakunan ibada na katako, don haka rashin sabon ginin dutse ba lalle ne ya zama shaidar talauci ba.

Nazarin da'irorin da ke cikin kututturan tsofaffin itatuwa na tsaunukan Biyetnam, wanda aka buga a 2010, ya nuna an yi dogon fari a tsakiyar ƙarni na 14 da kuma farkon na 15, tare da shekarun ruwa mai tsanani a tsakani. An kuwa sami shaidar cewa ruwa ya kwakule wasu magudanai ya cike wasu da yashi. Tsarin da aka yi shekaru ɗaruruwa ana ƙara masa rassa ya zama mai wuyar gyara. Bugu da ƙari, cinikin teku da ƙasar Sin ya bunƙasa, sai manyan gari suka riƙa gangarawa kudu, wajen mahaɗar koguna inda Phnom Penh take, domin can jiragen ruwa ke isa. Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga cewa sarauta ce ta ƙaura sannu a hankali, yaƙi kuma ɗaya ne daga cikin dalilai.

6.0 Labarin Ɓacewa da Ganowa

Ƙaurar fada ba ta mai da Angkor kufai ba. Angkor Wat ya zama wurin ibadar mabiya Buddha, sufaye suka ci gaba da zama a cikinsa. Tsakanin 1546 da 1564 aka ƙarasa sassaƙar bangon arewa maso gabas wadda magina na farko suka bari. Wani rubutu na 1577 ya nuna uwar sarki tana yaba wa ɗanta saboda gyaran ginin. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal, Antonio da Madalena, ya ziyarci wurin a 1586. Wani ɗan Japan, Ukondayu Kazufusa, ya bar rubutu da tawada a jikin ginshiƙi a 1632. Charles-Émile Bouillevaux, ɗan mishan na Faransa, ya je a 1850.

Henri Mouhot, wanda ake cewa shi ya gano Angkor, ya isa ne a 1860, kuma mutanen ƙasar ne suka kai shi. Ya rasu a 1861, aka buga bayanin tafiyarsa da zane-zane a 1863, shekarar da Faransa ta shimfiɗa ikonta a kan Kambodiya. Labarin birnin da ya ɓace ya yi wa masu mulkin mallaka rana, domin yana nuna cewa jikoki sun manta da aikin kakanninsu, sai baƙo ya zo ya tuna musu. Mu da aka taɓa koya wa cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796 mun san irin wannan magana.

A 1907 Siyam ta mayar da lardin Siem Reap, a 1908 kuma cibiyar Faransa ta nazarin Gabas Mai Nisa ta ɗauki nauyin kula da gine-ginen. Adalci ya wajabta a faɗi cewa masananta sun yi babban aiki. George Coedès ya karanta ɗaruruwan rubuce-rubuce, shi ne kuma ya tabbatar a 1928 cewa Bayon na zamanin Jayavarman VII ne. Henri Marchal ya warware Banteay Srei ya sake ɗora shi dutse bisa dutse a shekarun 1930. Amma a wannan zamani ne kuma aka shata hanyoyi biyu na zagaye, ƙarama mai kilomita 17 da babba mai kilomita 26, waɗanda har yau su baƙi ke bi. Da gangan aka bar Ta Prohm da itatuwansa don baƙo ya ɗanɗani yadda Turawan farko suka tarar da wurin. Ke nan gajeriyar ziyara ta yau ta gaji taswirarta da labarinta daga wancan lokaci.

7.0 Angkor Bayan Samun 'Yanci

Kambodiya ta sami 'yanci a 1953, kuma hoton Angkor Wat ne a kan tutarta. Yaƙin basasa ya tsai da aikin gyara a farkon shekarun 1970, sa'an nan mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 ya hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ginin Baphuon, wanda aka warware duwatsunsa wajen 300,000 don gyara, ya rasa takardun da ke nuna mazaunin kowane dutse, sai a 2011 aka kammala mai da shi. A shekarun rikici ɓarayi sun sassare kawunan gumaka da yawa sun sayar a ƙetare. Hukumar UNESCO ta sa Angkor cikin jerin kayan gadon duniya a 1992, ta kuma cire ta daga jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2004. An kafa hukumar APSARA a 1995 don kula da wurin.

A cikin wannan fili akwai ƙauyuka 112, masu noman shinkafa da ɗibar ruwan giginya. Daga 2022 gwamnati ta shiga tayar da iyalai wajen 10,000 zuwa sababbin matsugunai kamar Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu aka yi, kuma don kare kayan tarihi ne. Ƙungiyar Amnesty International kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce tilasta musu aka yi. A nan ne batun tarihi ya zama batun rayuwa. Wanda ya ɗauki Angkor a matsayin kufai zai ga mazaunanta kamar masu kutse. Wanda ya san cewa ba a taɓa rabuwa da mutane a wurin ba tun ƙarni na 9, dole ya sa su cikin lissafin abin da ake son karewa.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an nuna cewa gajeriyar ziyarar Angkor tana gabatar da gine-ginen sarakuna daga Bakong zuwa Bayon, amma tana barin birnin katako da gonaki da magudanai wanda ya ɗauki nauyinsu. An nuna cewa raguwar birnin ta ɗauki fiye da ƙarni guda kuma dalilanta da yawa ne, sa'an nan labarin ɓacewarsa ya samu gindin zama ne a zamanin mulkin mallaka. Shawarar da za a bayar ga malamin da zai koyar da wannan tarihi, ko ya ja ɗalibai zuwa wurin, ita ce ya fara da tafki kafin hasumiya, ya tsaya a bangon kasuwa na Bayon kamar yadda zai tsaya a gaban fuskokinsa, ya kuma karanta wa ɗalibansa lissafin ƙauyukan Ta Prohm. Da haka ne za a haɗa shaidar dutse da ta rubutu da ta ƙasa, a ba mutanen Khmer, na da da na yanzu, matsayinsu a cikin tarihin birninsu.